Baƙin Baba da Takardar Haraji

Litinin, 5 ga Mayu, bayan azahar

Sun manna takarda a jikin ƙofar masauki. Ba su ba ni a hannu ba, wai ba ni ce manaja ba. Manajan dai Yaya Zainulabidin ne, shi kuwa tun ranar Juma'a ba ya nan, don haka ƙofa ce ta karɓa a madadinsa. Na ɓamɓaro ta a hankali kafin masu keken da ke tsayawa bakin titi su gama haddace ta. In ba a biya harajin da suka lissafa ba zuwa ƙarshen wata, za su garƙame Masaukin Lawan. Kuɗin da suka rubuta sai da na goge tabarau na sake dubawa. Ko babban otal na Abuja aka kai wa wannan takarda, mai shi sai ya nemi kujera ya zauna.

Ni Saudatu, da na yi karatun akanta don in samu aikin banki in riƙa shan iska mai sanyi, ga ni a ɗakin ajiyar zannuwan gado da kalkuleta a cinya, fanka ba ta juyawa. Da wannan gidan ake sayen maganin Baba, da shi Inna ke ɗora tukunya. In aka rufe shi ban san me za mu yi ba, kuma ba na son in fara tunani.

Ban faɗa a gida ba.

Talata, 6 ga Mayu, da hantsi

Yaya Zainu bai kira ba.

Talata, bayan la'asar

Gobe kasuwar shanu, don haka baƙin Baba sun fara isowa tun azahar, da sandunansu da butocinsu. Ɗakunan baya duk sun cika. Ardo Babaji ne ya fara shigowa kamar kullum, ya leƙo inda nake ya gaishe ni da Fulatancinsa, ya ce, "Saude, jam? Ya jikin Lawan?" Na ce jikin Baba da sauƙi, Baffa. Ya ce a kai masa ruwan wanka, kuma a gaya wa mai girki miyar makon jiya ba ta ji gishiri ba. Shi fa a nan gida yake, mu ne baƙi.

Hanifa ta kira, ƙawata tun makaranta, yanzu ita ke riƙe da lissafin wani babban otal a Kano. Na karanta mata takardar. Ta tambaye ni nawa muke karɓa a ɗakunan baya, na ce ko sisi.  Sai da na yi mata bayani tiryan-tiryan. Baba fatoma ne tun kafin a haife ni. Fatake su sauka a gidansa, su ci, su sha, su kwanta, da safe ya kai su kara, wato kasuwar shanu, ya tsaya musu har a sayar da shanunsu, ya karɓi la'ada. La'adar nan ita ce kuɗin ɗakin, ba a dai faɗin haka. Da Yaya Zainu ya dawo daga karatu ya sa aka gina ɗakunan gaba, aka kafa allo, gida ya zama otal. Baba ya yarda amma da sharaɗi ɗaya: baƙinsa ba za su taɓa biyan kwana ba.

Hanifa ta ce, "To yanzu da Baba ke kwance, wa ke karɓar la'adar?"

Na ce mata bari in kira an jima, ana nemana. Ba wanda ke nemana.

Laraba, 7 ga Mayu, da yamma

Na je ofishin haraji. Ranar kasuwa ce, tireloli sun toshe hanya, daga unguwar Yerimaram sai da na sauya keke, na isa hijabina ya jiƙe sharkaf. Wanda fayil ɗinmu ke hannunsa Malam Mu'az ne, siriri, ba ya gama magana bai ce "kin gane ko" ba. Ban same shi da mugunta ba, kuma wannan ya ƙara ba ni haushi, don na je ne da niyyar in samu wanda zan sauke wa.

Ya buɗe mini hotunan littafin rajistarmu da suka ɗauka watan jiya. Tun shekarun tashin hankali aka ce duk wanda ya kwana a otal a rubuta sunansa, Baba kuma ba ya wasa da umarnin hukuma, don haka har baƙinsa ana rubutawa. Malam Mu'az ya ɗora yatsa a gurbin ƙarshe. Sunan Ardo Babaji, lambar ɗaki, sannan "an biya". Na ƙasa da shi, "an biya". Kowace Talata, shekara da shekaru, ɗakunan baya cike, kuma duk an biya.

Ya ce, "Kin gane ko, Malama, duk ɗakin da aka biya akwai kason gwamnati a ciki. Littafinku ne ya ce an biya. Ni ban ƙara ko harafi ba."

Na ce ba a biya ba, fatake ne, baƙin fatoma ne. Ya yi murmushi, ya ce shi ma kakansa ya sauki fatake a Fika, ba baƙon abu ba ne a wurinsa. "Amma in na rubuta fatoma a fayil, Oga zai tambaye ni a wane sashe na doka yake."

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, na ɗakunan gaba. Wannan ba gardama a kansa. An karɓa daga hannun baƙi, an ba su rasit, bai iso ofishin ba. Ya tambaye ni ina manaja. Na ce ya yi tafiya.

Alhamis, 8 ga Mayu, da hantsi

Na tsare Malam Hussain, mai karɓar baƙi. Tun ina firamare yake zaune a wannan kantar, rubutun nan duk hannunsa ne. Na buɗe masa littafin na ce ya gaya mini wa ya biya, yaushe, kuma ina kuɗin. Na ɗaga murya fiye da yadda ya kamata ga mutumin da ya sha goya ni.

Bai ko razana ba. Ya ce, "Hajiya ƙarama, to me zan rubuta? In rubuta kyauta a gaban sunan Ardo? Mutumin da shanunsa ba sa ƙirguwa? Littafin nan 'yan sanda na zuwa su duba, kowa ya tsaya a kanta idonsa na kai. In bar wurin fili kuma, sai a ce ya kwana ya gudu da bashi. Alhaji mahaifinki da kansa ya gani, ya ce haka ya fi sutura."

Sutura. Suturar nan ce yau aka yi mata lissafi aka manna mana a ƙofa. Sai na ce masa daga yau kada ya ƙara rubuta an biya. Ya ce to, me zai rubuta? Ni ma ban sani ba.

Na gaji, kuma ko azahar ba a yi ba.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan la'asar

Inna ta zuba abincin Yaya Zainu a kwanonsa ta rufe, kamar jiya, kamar shekaranjiya.   Gidanmu ya zama gidan kurame, kowa na kallon kowa ta gefen ido.

Na shiga gai da Baba. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta same shi bara maganarsa ta koma gutsure-gutsure, sai ka kai kunne. Amma kalma ɗaya tana fita sarai: "Baƙina?" Na ce sun zo, sun ci, sun koma lafiya, Ardo na gaishe shi. Ya lumshe ido. Bai tambayi Yaya Zainu ba. Ban sani ba ko ya manta ne, ko kuwa ya fi mu sanin abin da bai kamata a tambaya ba.

Asabar, 10 ga Mayu, da rana

Hanifa ta cika mini waya. Jadawalin lissafin otal, samfurin rasit, takardar bayani kan harajin ɗaki da na abinci, har da bidiyon wata Baturiya da ta cinye mini data. Allah ya saka mata, abubuwan suna da amfani, da na san su tun bara da ban bar littattafan nan a hannun mutum ɗaya ba. A cikin jadawalin har akwai gurbin ɗakin kyauta. Na yi murna. Sai Baturiyar ta yi bayani: ɗakin da ake ba baƙon da aka ɓata wa rai, kwana ɗaya, manaja ya sa hannu, baƙo ya sa hannu, a rubuta dalili. Ina ma a kawo ta Potiskum ranar Talata ta ga ɗakunan baya, in ga inda za ta rubuta dalili.

Na zauna na raba lissafin gida biyu, gaba daban, baya daban. Na gaban ya yi nauyi amma in an yi ta maza za a ɗauka. Na bayan ne zai kwantar da mu.

Inda kuɗin gaban ya tafi ba zan rubuta ba.

Litinin, 12 ga Mayu, bayan azahar

Na koma wurin Malam Mu'az da lissafina. Ya duba ya ce hannuna ya fi na manaja tsabta, na yi kamar ban ji ba. Ya ce akwai hanya. In rubuta takardar ƙin yarda da lissafin ɗakunan baya, in haɗa da shaida. Shaidar kuwa, kowane bafatake ya sa hannu ko ya dangwala yatsa cewa bai taɓa biyan kuɗin ɗaki a Masaukin Lawan ba. Ogansu zai zo daga Damaturu ranar Litinin ta ƙarshen wata, shi ke yanke hukunci.

Ya ce, "Abu ne mai sauƙi, kin gane ko. Tawada ce kawai."

Na saya a hanya, ƙaramin kwali, mai shuɗi.

Talata, 13 ga Mayu, gab da magariba

Sun zo. Na buga takardar, na sa ta a fayil, na ɗauki tawada, na nufi tsakar gidan baya. Na same su zaune a tabarma ƙarƙashin darbejiya, Ardo na ba su labarin yadda shi da Baba suka taɓa kwana a daji da shanu mota ta lalace, Baba ya cire rigarsa ya lulluɓe wani ɗan maraƙi. Na ji labarin nan ya fi a ƙirga, kullum maraƙin ƙara ƙanƙanta yake, sanyin na ƙara tsanani. Suka ce in zauna. Na zauna, na ɗora fayil a cinya, na yi dariya inda ake dariya.

Ardo ya ce, "Wannan takardar fa, Saude?" Na ce ta wanki ce.

Malam Hussain ya bar gurbin fili yau. Ya ce hannunsa har ƙaiƙayi yake.

Alhamis, 15 ga Mayu, da safe

Nuriyya, matar Yaya Zainu, ta tafi gidansu a Fika. Wai za ta kwana biyu. Mai kwana biyu ba ta tafiya da keken ɗinki.

Lambarsa a kashe.

Asabar, 17 ga Mayu, da yamma

Na faɗa wa Inna. Ba duka ba, na gaban kawai. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Nawa ne?" Na faɗa. Ta ci gaba da tsincewa har na zaci ba ta ji ba. Can ta ce gonarmu ta ƙauyen Danchuwa a ba da ita haya wannan daminar da mai zuwa, kada Baba ya ji. Ta ce, "Ke kuma ki ci abinci, kin zama kamar sillen kara."

Ban san me ya sa wannan ce ta sa ni kuka ba, ba takardar ba.

Lahadi, 18 ga Mayu, bayan la'asar

Danchuwa. Rana kamar ta sauko ƙasa, hadari ya haɗo ya watse bai sauke ko ɗigo ba. Mai son gonar ya san a matse muke, tun daga gaisuwarsa na gane, ta yi tsawo da yawa. Ya taya abin da ya ga dama, na karɓa. Gonar da Baba ke cika rumbu da geronta don tuwon baƙi, yanzu geron ma sai mun saya.

Na gaji. Ƙafata, idona, har haƙorana sun gaji.

Litinin, 19 ga Mayu, da rana

Na biya na gaba. Na riƙe rasit ɗin ina kallo kamar takardar kammala makaranta. Saura na baya.

Talata, 20 ga Mayu, bayan magariba

Zan rubuta yadda aka yi, ko zan samu ya fita daga kaina.

Na same shi shi kaɗai bayan la'asar, yana jan carbi a bakin ɗakinsa. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayanin komai: takardar ƙofa, littafin Malam Hussain, zuwan Oga. Ya saurara har ƙarshe. Na fito da takardar, na buɗe tawada. Ya ce in karanta masa abin da ke ciki. Na karanta: ni wane, na shaida ban taɓa biyan kuɗin kwana a wannan masauki ba.

Ya ce, "Sake karantawa."

Na sake.

Ya ce, "Wato in dangwala yatsana gwamnati ta ajiye, cewa Babaji ya tsufa yana kwana a gidan Lawan yana cin tuwonsa a banza."

Na ce ba haka ba ne, Baffa, tsari ne kawai na ofis. Ya ce in gidan Lawan na bukatar kuɗi a faɗa masa baki da baki, gobe ya sa a kama bijimi a sayar, amma yatsansa ba zai hau wannan takarda ba. Na ce bijimi ɗaya ba zai yi ba, garke ma da ƙyar, sa hannun ne zai yi. Ya ce a'a. Na roƙe shi. Ya ce a'a, ya koma jan carbinsa kamar an gama magana.

A nan ne kaina ya ɗau zafi. Na san bakina, Inna ta sha faɗa. Na ce, "Baffa, ai gaskiya ce aka rubuta. Tun da Baba ya kwanta ko sisin la'ada bai shigo gidan nan ba, kuma ba a fasa dafa tuwo ba, ba a fasa kunna janareta ba."

Ya ajiye carbin. Bai yi fushi ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Wa ya gaya miki? Tun da Lawan ya kwanta wani dillali ke tsaya mana, amma kason gidan nan ba mu taɓa riƙewa ba. Kowace Laraba ni nake tattarawa, a hannun Zainu nake sakawa. Har Larabar da ya yi tafiya a makonta. Na waɗannan makonnin yana aljihuna, ina jiran in ga namijin da zan ba."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da shi a ɗaure da roba, ya ajiye a kan fayil ɗin da ke gabana. Ya ce, "Ga shi. Ki ƙirga."

Ban ƙirga ba. Ban ma san yadda na tashi ba. Na bar tawadar a buɗe a wurin.

Laraba, 21 ga Mayu, da safe

Tuwon jiya ya dawo kicin daga ɗakunan baya yadda aka kai shi, ba wanda ya taɓa.

Laraba, da yamma

Ba su dawo sallama ba. Daga kara kowa ya kama hanya.

Alhamis, 22 ga Mayu, da hantsi

Na rubuta takardar ƙin yarda ba tare da yatsan kowa ba. Hanifa ta gyara mini Turancin, ta ce in haɗa da bayanin banki da lissafin kicin, a ga kuɗin ɗakunan baya bai taɓa shiga ko'ina ba. Na haɗa. Ta tambaye ni ya muka ƙare da tsofaffina. Na ce lafiya lau.

Ina ta maimaita maganar da na faɗa masa. Ina wanke hannu tana zuwa, ina cikin sujada tana zuwa. Mutumin da ya kawo ragon sunana. Na yi masa gorin tuwo, alhali kuɗin tuwon yana biya, hannun da ke karɓa ne namu.

Juma'a, 23 ga Mayu, bayan la'asar

An kira Inna da baƙuwar lamba. Ta shiga ɗaki ta tura ƙofa. Ta daɗe. Da ta fito ta wanke kwanon Yaya Zainu ta kife shi a saman kabad, can inda ake ajiye na baƙin sallah. Na tambaye ta yana lafiya? Ta ce yana da rai.

Shi ke nan abin da na sani, kuma ban nemi ƙari ba.

Lahadi, 25 ga Mayu

Ba komai. Wanki, guga, ciwon kai.

Litinin, 26 ga Mayu, bayan azahar

Oga ya zo. Dattijo ne mai furfura, yana magana yana goge gumi da hankici, ga layin masu otal da masu gidan abinci har waje. Na tafi da Malam Hussain, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. Oga ya karanta takardata, ya duba bayanin banki, ya ce ina sa hannun fataken. Na ce sun ƙi. Ya ce don me? Malam Hussain ne ya amsa, ya ba shi labarin "an biya" tun daga farko, ya ce in ana so a kawo Alƙur'ani. Oga ya yi dariya har da tari, ya ce a aikinsa ya ga masu karɓar kuɗi su rubuta ba su karɓa ba, bai taɓa ganin waɗanda ba su karɓa ba suka rubuta sun karɓa don kunya ba.

Na gaya masa zancen la'ada, don kada gobe ya ji a wani wuri. Ya ce la'ada zancen kara ce, ba ta kan teburinsa yau. Ya ja layi a kan lissafin ɗakunan baya. Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka.

Sannan ya ce da sharaɗi. Daga gobe duk sunan da ya shiga littafin nan sai da rasit, da kuɗin ɗaki, da kason gwamnati. Gida ɗaya ba zai zama otal ta gaba, gidan fatoma ta baya ba, mu zaɓi ɗaya. Malam Mu'az zai riƙa leƙowa ranar Talata. In aka sake samun suna ba rasit, lissafin da ya soke zai dawo da shi, da kwaɗo a ƙofa.

Na sa hannu. 

Litinin, da yamma

Na yi lissafi ta kowace fuska. In ce mu riƙa biya musu daga aljihunmu, mu yanka rasit da sunansu? Ɗakunan gaba ba za su ɗauki na baya ba, ga gero na saye, ga mai, ga maganin Baba. In ce a sauke allo a koma gidan fatoma? Fatoma sai da mai tsayawa a kara, ni kuwa ba zan shiga tsakiyar shanu da hijabi ina tafa hannun mahauta ba, namijin gidan kuma an kife kwanonsa. Amma ɗaki ɗaya zan iya. Na Ardo. Daga abin da nake ɗauka a wata zan cire, in yanka rasit in ajiye a aljihun tebur, ba sai ya sani ba. Sauran in yi musu bayani, shi ma ya taya ni, in ya huce.

Gobe tun yana sauka daga mota zan tare shi in ba shi haƙuri. Na shirya maganar, na faɗe ta a banɗaki har sau nawa.

Na shiga wurin Baba da niyyar in faɗa masa ko da rabi ne. Ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya, ya daɗe yana haɗa kalmomin. Wai sallah ta kusa, baƙinsa za su yi yawa, a ƙara tabarmi. Na ce to, Baba.

Talata, 27 ga Mayu, bayan la'asar

Masauki ba za a rufe ba. Malam Mu'az ya zo ya duba littafi, kowane suna da rasit ɗinsa, ya ce madalla, kin gane ko, ya tafi.

Ban samu na tare Ardo ba. Ina kicin ina faɗa da mai kawo itace aka ce sun iso. Kafin in fito har sun yi layi a gaban kanta, shi ne a gaba, sauran a bayansa, kowa da kuɗi a hannu. Garin nan ba a ɓoye komai, labarin Oga ya riga ni zuwa kara. Malam Hussain ya miƙe ya ce zai je ya yi alwala, ya bar mini kujerar.

Na gaishe shi, ya amsa da kyau, ya tambayi jikin Baba. Na ce, "Baffa, ina son magana da kai a ciki." Ya ce mutane na jira a bayansa, nawa ne ɗaki? Na ce nasa an riga an gama da shi. Ya ce, "A'a. Nawa ne?"

Na faɗa. Ya ƙirgo ya ajiye. Na yanka rasit, na rubuta sunansa, ya karɓa da hannu biyu ya ninke ya sa a hula. Na ce za a kawo tuwo bayan magariba, ya ce useko, an gode, sun ci a hanya. Haƙurin da na shirya ban samu na ba shi ba, mutane na kallo.

Har ya ɗauki jakarsa ya juya, sai ya dawo. Na ɗauka zai ce in same shi an jima. Ya sunkuyo, ya rage murya don kada na baya su ji bai sani ba, ya ce, "Ƙarfe nawa ake sakin ɗaki?"

Na ce, "Sha biyu na rana, Baffa."

Ya ce to, ba zai kai ba.